Ku Kama Akuyar Nan

Ni dai tun da na zo ƙasar nan ban ga abin da ya kai yabo araha ba. Yaro ya ɗaure igiyar takalminsa, a tafa masa. Ya cinye abincin da aka dafa masa, aka zuba masa, aka hura masa, a ce ya yi ƙoƙari. Ran nan a coci na ga wata uwa ta durƙusa gaban ɗanta tana ce masa tana alfahari da shi, don kawai ya zauna bai yage littafin waƙa ba. Na kau da kai, kunya ta kama ni kamar ni na faɗa. Mu da muka tashi a gidan da uwa ba ta ko kiran sunan ɗanta na fari, balle ta yabe shi a gaban mutane, irin wannan magana tana yi mana nauyi a kunne. Na daɗe ina yi musu dariya a zuci, ina ganin mu ne masu hankali. To, yanzu dariyar ta ƙare. Jikata Rahila, yarinyar da Allah ya ba murya irin wadda ban taɓa ji a zuriyarmu ba, ta janye sunanta daga wasan waƙa na makarantarsu, kuma bakina ne ya jawo. Abin yana cina ba kaɗan ba, shi ya sa na zauna ina ta tone-tonen da, ko zan gano inda na ɓata hanya.

A garin da na tashi, wani gari na bakin layin dogo, gidanmu jingine yake da bayan sinima. Ba irin sinimar nan mai kujerun katifa da sanyin na'ura ba. Fili ne aka kewaye da doguwar katanga, sama a buɗe, benci a jere, allon kuwa bango ne da aka shafa wa farar ƙasa. 'Ya mace ta gidan mutunci ba ta shiga, wannan ko tambaya ba a yi. Saboda haka mu mata da kunne muke kallon fim. Da almuru, an sauke tuwo, muna tsakar gida muna ɓarar gyaɗa ko wanke kwanuka, sai ka ji injin wutar sinima ya tashi yana tari, masu rake da masu tsire sun fara kiran ciniki a bakin ƙofa, can kuma sai lasifika ta buɗe baki, sautin ya tsallako katanga ya sauka a kan tabarmarmu. Mun san lokacin da jarumi ya shigo, don maza za su ɗauki tafi da fito. Mun san lokacin da fim ya tsinke, don za su tashi da ihu suna zagin mai majigi har uwarsa. Yawanci na Indiya ne. Amma idan jirgin ƙasa ya yi latti bai kawo sabo ba, sai mai sinimar ya tono wani tsohon fim na Amurka da yake ajiye a sito, baƙi da fari, wanda aka ce an yi shi tun lokacin da hoto ya fara koyon magana. Sautinsa yana ta ƙaraurau kamar ana toya ƙosai. Maza sun tsane shi, ba dambe, ba doki, ba bindiga. Ni kuwa addu'a nake jirgi ya lalace a hanya.

Abin da ya kama ni a cikinsa waƙar wata mace ce, mai siririyar murya, da wani sauti da ke bin waƙar, ƙwas-ƙwas-ƙwas, da sauri kamar ana kaɗa cokula a kan faranti. Mun yi ta gardama a gida a kan wannan sauti. Innata ta ce ganga ce irin ta Turawa. Wata maƙwabciyarmu ta ce ƙarya ne, keken rubutu ne. Sai yayana, wanda yake shiga sinima idan Baba ya yi tafiya, ya kwashe da dariya ya ce, "Ƙafa ce! Ƙarfe suke sa wa takalmi, su yi rawa a kan katako." Shi ne mai ba mu labarin fim washegari, yana tsaye gindin durumi yana kwaikwayon kowa. Ba wani Turanci yake ji ba, amma ya ce labarin wata yarinyar ƙauye ce da ta ɗauki akwatinta ta shiga babban birni don ta zama tauraruwa. Ta sha kora, ta sha yunwa, ta yi wanke-wanke a gidan abinci, akwai wani ƙaton mai gidan wasa mai taba a baki wanda kullum sai ya faɗi daga kujera, har ranar da muryar babbar mawaƙiya ta shaƙe aka tura yarinyar gaban jama'a. Daga nan sai fitilu. Idan Yaya ya kai wurin fitilun nan sai ya buɗe hannuwa biyu, ni kuma numfashina ya tsaya.

Na haddace waƙar tas, ba tare da na san ma'anar kalma ɗaya ba. Na tsinci murafen kwalban lemo a bakin sinima, na fyaɗa su da dutse, na kafa su da ƙusa a ƙarƙashin wani tsohon takalmin Baba. Akwai dandamalin siminti a bakin rijiyarmu inda ake wanki, nan ne gidan wasana. Na yi ta koyo a ɓoye idan an tafi kasuwa. Sai wata rana da yamma, ranar sunan ɗan kawuna, gida cike da mata, ana ta raba waina, ban san abin da ya hau kaina ba na zura takalmin nan na hau dandamali na buɗe baki. Tsakar gida ta yi tsit. Na yi waƙar daga farko har ƙarshe, ƙafafuna suna ta ƙwas-ƙwas. Da na gama ba wanda ya motsa. Innata ta sunkuyar da kai ta shige ɗaki kamar ba ita ta haife ni ba. Sai kakata, uwar babana, wata 'yar tsohuwa mai bakin tsiya da ke zaune kan turmi tana cin goro, ta ɗaga murya ta ce, "Jama'a, ku kama akuyar nan kafin ta tara mana kuraye!" Gida ya ɓarke da dariya da guɗa. Ni kuwa na ji kamar an naɗa ni sarauta. Na san Kaka. Abin da bai burge ta ba ko kallo bai ishe ta ba.

Haka muka taso. Tsakanin kaka da jika wasa ne, kuma iyakar zafin tsokana iyakar zurfin ƙauna. Ba wanda ya zaunar da mu ya koya mana, a iska muka shaƙe shi. Ga kuma tsoron baki. Kaka takan ce yaron da aka yaba a gaban taro an ajiye shi ne a tsakiyar hanya, kowa ya zo ya taka. Idan jariri ya yi ɓul-ɓul sai a ce kai, wannan mummuna, don kada ido ya tsaya a kansa. Zagin nan rufi ne, kamar yadda ake kife ƙwarya a kan nono. Tun daga ranar sunan nan, duk yamma Kaka sai ta leƙo ta ce, "Ina akuyar nan? Zo ki dame mu mu huta." In zo in yi mata waƙa tana toshe kunne da yatsa ɗaya, ƙafarta tana bin kiɗa a ƙarƙashin zane. Har na fara mafarkin gidan rediyo, ina cewa wata rana ni ma zan ɗauki akwatina in hau jirgin nan. Ban hau ba. Ba wanda ya hana ni, rayuwa ce kawai ta zo da nata, aikin asibiti, aure, 'ya'ya, muryar ta koma ta raino da ta coci. Amma ban taɓa shakkar cewa na iya waƙa ba, ko sau ɗaya, saboda tsohuwar nan ta zage ni a gaban jama'a.

Ɗana na fari ne ya kawo ni nan da aka haifi Rahila, wai in taya su raino in koma. Ga ni har yau. Gidansu yana wani gari mai suna Summerfield a nan Amurka, inda tsakanin gida da gida sai ka yi tafiya, maƙwabcinmu dawakai gare shi amma ban taɓa jin muryarsa ba sai ɗaga hannu daga cikin mota. A da, sautin maƙwabta shi ke shigo maka gida ko ba ka so. Nan kuwa kowa da abin toshe kunnensa, kowa da allonsa a tafin hannu, fim ɗari a aljihu ba mai ba wani labari. A bayana Rahila ta girma. Ni na goya ta da zane, uwarta tana tsoron za ta faɗo. Tana jin Hausa sarai, sai dai ta amsa da Turanci, in ta matsu ta haɗa biyun. Kuma tun tana rarrafe nake tsokanarta, in ce mata mai kan kwakwa, in ce wa zai auri wannan, tana dariya tana faɗawa jikina. Na ɗauka ta gane. Waƙa kuwa kamar numfashi take a wurinta, a banɗaki, a mota, a kan matakala. Ina jin ta daga kicin in ajiye wuƙa in saurara, amma ban taɓa bari ta kama ni ina saurare ba.

Bana ne, shekararta ta ƙarshe a sakandare, ta dawo da murna ta ce makarantarsu za ta yi wasan waƙa da rawa da aka ɗauko daga wani tsohon fim, kuma tana so ta nemi zama babbar jarumar. Malamarsu ta ce masu neman shiga jami'ar koyon waƙa su dage, don akwai masu zuwa kallo daga irin waɗannan jami'o'i. Rahila ta ce za a nuna ainihin fim ɗin ranar Asabar da rana a wani tsohon gidan sinima da ke cikin gari, in raka ta. Na ce me zan gani a fim ɗin matattu? Ta ja ni dai. Ita ta tuƙa, muka ajiye mota muka taka ta titin Elm Street, ina ta mitar gwiwata. Aka kashe fitila. Sai na ji ƙaraurau ɗin nan na toya ƙosai, gabana ya faɗi. Kafin in ce wani abu sai ga wata 'yar siririyar Baturiya da akwati a hannu, ta buɗe baki. Wayyo Allah! Waƙata ce. Waƙar bayan katangarmu ce. Da furfurata da jikokina, ranar na fara ganin fuskar matar da na yi ƙuruciyata ina kwaikwayo. Ga ƙaton mai taba, ga kujerar, ga faɗuwar, ashe Yaya bai yi mana ƙarya ba, Allah ya ji ƙansa. Da aka zo wurin rawar na ga ƙafafun da idona, sai hawaye. Rahila ta riƙe hannuna ta raɗa mini, "Kaka, lafiya?" Na ce mata sanyin na'urar nan ne yake sa mini ruwan ido.

A hanyar komawa na kasa riƙewa, na fara rera waƙar da irin Turancin da na haddace a bakin rijiya, wanda ba Turanci ba ne, sauti ne kawai. Yarinyar nan ta kusa sakin sitiyari don dariya. Ta ce, "Kaka! A ina kika san ta?" Na ba ta labarin katanga da murafen kwalba. Labarin kakata da akuya ne ban ba ta ba, ban ga abin faɗa a ciki ba, abu ne da kowa ya sani. Muka yi ta rerawa tare har gida, ita da kalmomin gaskiya, ni da nawa na bogi. Ban taɓa jin kusanci da wani ɗan Adam kamar na wannan yammacin ba.

Ana saura 'yan kwanaki gwajin zaɓen jarumar, ranar Lahadi bayan coci, gidanmu ya cika da baƙi. Mutanenmu ne na arewa, daga garin Pleasant Garden, daga cikin gari, an yi tuwon shinkafa da miyar taushe, ana ta hira. Sai uwarta, wadda take kira Mami, ta ce Rahila ta tashi ta gwada waƙar a gaban mutane don ta saba. Ta tsaya bakin matakala, ta haɗa hannuwa, ta fara. Ni dai ban san yadda zan kwatanta ba. Baturiyar fim ɗin ba ta kama ƙafarta ba, ni kuwa ko a mafarki. Falo ya yi tsit, cokula suka tsaya. Da ta kai ƙarshe sai aka ɗauki tafi, wata Anti ta miƙe tana cewa wannan tauraruwa ce, wannan sai talabijin, kowa ya ɗaga waya yana ɗauka. Ƙirjina ya cika har ya yi zafi, ga alfahari, ga tsoro, ido ya yi yawa a kan yarinyata. Ita kuma ba ta kalli kowa ba, ni ta juyo ta kalla. Sai na ji bakina ya buɗe da kansa, da ƙarfi yadda kowa zai ji: "Jama'a, ku kama akuyar nan kafin ta tara mana kuraye!"

Manyan da ke wurin suka fashe da dariya. Wani dattijo har da buga ƙafa, yana cewa, "Kai, Mama, kin tuna mini da gida!" Sun gane, kyauta mafi girma da nake da ita na ba ta. Rahila ta yi murmushi, ta ɗan rusuna, ta haye sama. Na ce a raina kunya ce, 'yar gidan mutunci.

Kuma don ku san iyakar wautata, ban tsaya nan ba. Washegari da safe ta sauko shiru, na ce, "Yau akuya ba ta kuka? Mun huta." Rana ta gaba ma na sake. Tana murmushi tana ɗaukar jakarta. Ina nan ina jiran ranar gwaji, har na ciro sabon zanen da zan ɗaura ranar wasan. Sai da mako ya wuce surukata ta same ni a kicin ina yanka kuɓewa, ta rufe ƙofa, ta tsaya tana murza hannu. Mace ce mai ladabi, ba ta taɓa ɗaga mini murya ba. Ta ce, "Mama, Rahila ba ta je gwajin ba. Ta cire sunanta. An ba wata." Na ce saboda me, ba ta da lafiya ne? Ta ce, "Mama, ki yi haƙuri da abin da zan faɗa. Ta ce mu iyayenta dole mu ce ta iya. Malamai kuma kowa suna ce masa ya iya, har wanda bai iya ba. Ta ce a duk duniya mutum ɗaya ne ba ya yi mata daɗin baki, kuma mutumin nan ya san waƙar tun kafin a haife mu. Hukuncinki take jira, Mama. Ta ce ta ji shi."

Na ajiye wuƙar don kada in yanke. Na ce, "Ba ki gaya mata wasa ne ba? Ba ki gaya mata haka kaka take yi ba?" Ta ce ta gaya mata, babanta ma ya gaya mata, yarinyar ta ce ai a cikin wasa ake faɗin gaskiya. Ashe duk shekarun nan da nake ce mata mai kan kwakwa tana dariya, don ta san kanta ba kwakwa ba ne, madubi ya gaya mata. Murya kuwa ba ta da madubi. Ni da na yi tawa waƙar, gari guda ne ya tsaya a bayana yana fassara mini zagin Kaka, da guɗar mata, da sunkuyar da kan Innata, da yadda ake yi wa kowane jika a kowane gida. Ita wa ta gani ana yi wa haka? Na ɗauko rabin al'ada na tsallako teku da shi, na bar ɗaya rabin a can, na jefi yarinya da wanda na kawo. Kuma na ji haushin kaina, na ji haushin ƙasar nan da ta mayar da yabo ruwan famfo har yarinya ta daina yarda da shi, na dawo na sake jin haushin kaina, don ƙasar ba ita ta buɗe baki a falo ba.

Na yi kwanaki ina juya maganar da zan faɗa mata. Kada ku ga kamar abu ne mai sauƙi. Harshen da ya tsufa bai taɓa yabon nasa a gaban idonsa ba, nauyi gare shi kamar dutsen niƙa. Na gwada a banɗaki, na gwada a gaban tukunya, kowane karo sai in ji kamar ina tuɓe zane a kasuwa, ga wata murya a cikina tana cewa kul, za ki jawo mata baki. Amma me ya rage da bakin duniya zai lalata wanda nawa bai riga ya lalata ba?

Na same ta da yamma a teburin cin abinci tana aikin makaranta. Yanzu wai lissafin kuɗi za ta karanta, ta ce ya fi tabbas. Na ja kujera na zauna kusa da ita, na kira sunanta sosai, ba mai kan kwakwa ba. Ta ɗago. Na ce, "Rahila, ki saurare ni. Abin da na faɗa ranar nan ba haka yake a zuciyata ba. Haka kakata ta ce mini ranar da na fi burge ta. Muryarki, tun da nake ban taɓa jin mai daɗinta ba. Kin fi matar fim ɗin nan. Kin fi ni nesa ba kusa ba. Ina ajiye aiki in saurare ki tun kina ƙarama. Allah ne shaidata." Gumi ya keto mini, ban taɓa yin magana mai tsawo haka da gaskiya tsirara ba.

Ta dube ni da idanun nan nata masu taushi. Ta taso ta rungume ni, ta daɗe, tana shafa bayana kamar ni ce yarinyar. Sannan ta ja da baya, ta yi murmushi, ta lallaɓo Hausarta don ta faranta mini.

"Mami ce ta sa ki, ko? Ba komai, Kaka, kar ki damu. Gara da na ji a gida kafin in ji a gaban mutane." Ta matse hannuna. "Dubi yadda kike gumi. Ke ba ki iya ƙarya ba, shi ya sa nake son ki."

Ta koma kan littafinta, ta tambaye ni ko in ta gama ta dafa mini shayi.